Hatimin Ma'aikatar Ilimi ta Amurka: abin da ke cikinsa, tarihinsa, da abin da ba ya tabbatarwa

Tambaya: Malam, an turo mini takardar wata makaranta da ke koyarwa ta intanet. A samanta akwai hatimi mai hoton bishiya da rana a bayanta, an ce na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ne. Mene ne ma'anar hoton? Yaushe aka kafa ma'aikatar? Kuma ganin hatimin ya isa shaida cewa gwamnatin Amurka ta amince da makarantar?

Amsa: Bari in fara da ƙarshen tambayarka, ɗan'uwa, don nan ne kuɗinka zai iya salwanta. Bai isa ba. Hasali ma, ganin wannan hatimi a kan takardar makaranta dalili ne na ƙara zargi. Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ba ta tantance makarantu da kanta, ba ta ba kowa digiri, ba ta kuma sa hannu a takardar shaidar kammala karatu. Dalilin haka yana cikin tarihinta, shi ya sa tambayoyinka uku a ɗaure suke da juna.

Siffar hatimin a rubuce take, ba a bar ta ga son ran mai zane ba. Tana cikin kundin ƙa'idojin gwamnatin tarayya, babi na 34, kashi na 3. Hatimin zagaye ne. A tsakiya akwai faifai shuɗi mai haske. A kansa ga ɗan tudu, bisa tudun kuma bishiyar da Turawa ke kira oak tana tsaye, gangar jikinta da rassanta baƙaƙe, ganyenta kore. A bayanta rana ce mai fitowa, ruwan zinare, haskenta na bazuwa sama da gefe. Faifan yana cikin zobe shuɗi mai duhu wanda aka yi wa baki da ruwan zinare. A saman zoben an rubuta DEPARTMENT OF EDUCATION, a ƙasa kuma UNITED STATES OF AMERICA da haruffan da ba su kai na saman girma ba, da tauraro ɗaya a kowane gefen rubutun ƙasan. Haruffa da taurari duk farare ne. Ka riƙe waɗannan, don masu kwaikwayo sukan yi tuntuɓe a ƙananan abubuwa: su daidaita girman rubutun sama da na ƙasa, ko su manta taurarin, ko su cusa gaggafa a tsakiya don takarda ta ƙara kwarjini.

Maganar gaggafa tana da muhimmanci. Yawancin ma'aikatun tarayyar Amurka, irin su ta Harkokin Waje, ta Tsaro, ta Shari'a, ta Ƙwadago da ta Kasuwanci, duk akwai gaggafa a hatiminsu. Ta Ilimi tana cikin 'yan tsirarun da ba su da ita, tare da ta Cikin Gida mai hoton ɓauna, da Baitulmali mai sikeli da mabuɗi, da ta Noma mai garma. Duk takardar da ta zo maka da sunan Ma'aikatar Ilimi a zagaye da gaggafa riƙe da kibau, ba hatiminta ba ne.

Game da ma'ana, a bambance abu biyu. Ƙa'idar ta bayyana siffa da launi kawai, ba ta fassara komai ba. Fassarar da mutane ke yi ta fito ne daga yadda Turawa suka saba kallon wannan bishiya: tana tsirowa daga ɗan ƙaramin iri, ba ta saurin girma, tana iya rayuwa ɗaruruwan shekaru, katakonta kuma da ƙyar yake karyewa. Matsayinta a wurinsu ya yi kusa da na gamji a bakin Bahaushe. Rana mai fitowa kuma ana ɗaukarta a matsayin wayewar kai. Fassarar ta dace da hoton, amma kada ka ce doka ce ta faɗe ta. Majalisar Dokokin Amurka ta ayyana wannan bishiya a matsayin bishiyar ƙasa a 2004, shekaru fiye da ashirin bayan ma'aikatar ta fara aiki, saboda haka ba daga nan aka ɗauko ta ba.

Dokar da ta kafa ma'aikatar a 1979 ita ce ta umarci sakataren ilimi, wato ministan da ke shugabantar ta, ya sa a yi hatimi bisa tsarin da ya amince da shi, ta kuma ce kotuna su karɓe shi ba tare da an kawo shaidar ingancinsa ba. Wannan shi ne ainihin aikin hatimi: idan aka gabatar wa alƙali kwafin takardar ma'aikatar ɗauke da shi, ba sai an kira jami'i ya rantse cewa daga can ta fito ba. Ƙa'idar ta kasa amfani da shi gida uku. Akwai kwafi mai cikakken launi, wanda ake rataye shi a gine-ginen ma'aikatar, ofisoshin manyan jami'ai, ɗakunan taro da lambobin yabo. Akwai mai launi ɗaya, na katin jami'ai, alluna da littattafan da ma'aikatar ke bugawa. Sai hatimin matsi, wanda ba ya amfani da tawada, ana danna shi ne ya fitar da tudu a jikin takarda har ka ji shi da yatsa. Wannan na takardun shari'a ne, kamar yarjejeniya tsakanin hukumomi da tabbatar da cewa kwafi ya yi daidai da asali.

Wanda ba ma'aikacin ma'aikatar ba, mutum ne ko ƙungiya, ba shi da izinin amfani da hatimin sai ya rubuta takardar neman izini, ya bayyana dalla-dalla inda zai sa shi da abin da zai yi da shi, aka kuma ba shi amsa a rubuce. Izinin ya tsaya a kan abin da aka nema kaɗai. Wanda aka yarje wa sa shi a allon wani taro ba zai ɗauke shi ya buga a takardar talla ba. Inda mutane ke ruɗewa shi ne, a dokar Amurka ayyukan gwamnatin tarayya ba su da haƙƙin mallaka irin na marubuta, shi ya sa ake samun hoton hatimin a intanet kyauta. Samunsa kyauta daban, izinin liƙa shi a takardarka daban. Sashe na 506 da na 1017 na babi na 18 a kundin dokokin Amurka sun tanadi tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, ko duka biyun, ga wanda ya ƙirƙiri hatimin hukuma na jabu ko ya manna shi a takarda da nufin yaudara.

To, tarihi. Tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya. Gyara na goma da aka yi masa ya ce duk ikon da ba a ba tarayya ba, na jihohi ne ko na jama'a. Saboda haka tun farko makarantu na jihohi ne da gundumomi, kuma duk lokacin da aka yi yunƙurin kafa ofishin ilimi a Washinton sai an yi rigima a kan abu guda: kada tarayya ta ƙwace makarantun.

Karo na farko shi ne bayan Yaƙin Basasa. James Garfield, ɗan Majalisar Wakilai daga jihar Ohayo wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, shi ya jagoranci ƙudurin, Shugaba Andrew Johnson ya sa hannu ranar 2 ga Maris, 1867. Sunan ya yi girma, abin ya yi ƙanƙanta. An kira ta ma'aikata, amma shugabanta kwamishina ne, ba ya cikin majalisar ministoci, akawu uku kacal aka ba shi. Aikinta tattara alƙaluma a kan halin makarantu da yaɗa bayanin hanyoyin koyarwa. Kwamishina na farko shi ne Henry Barnard, wanda ya yi suna wajen gyaran makarantu a jihohin Konetikat da Rod Ailan. Ko shekara biyu ba ta cika ba 'yan majalisa suka fara ƙorafi. A 1868 suka zartar da rage mata matsayi, daga 1869 ta koma ɗan ofishi a ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Barnard ya ajiye aiki a 1870.

Nan ta zauna shekara saba'in, ana sauya mata suna lokaci-lokaci, tana buga rahotanni. A 1939 aka mayar da ita ƙarƙashin wata sabuwar hukumar tarayya mai kula da walwalar jama'a, a 1953 kuma Shugaba Eisenhower ya ɗaga wannan hukuma ta zama Ma'aikatar Lafiya, Ilimi da Walwala, ofishin ilimi ya zama reshe a ciki.

Abin da ya sauya ofishin ba sauyin suna ba ne, kuɗi ne. A Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik. Hankalin Amurkawa ya tashi, suka ga kamar an bar su a baya a kimiyya. A 1958 Majalisa ta zartar da dokar ilimi don tsaron ƙasa, wadda ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya, lissafi da harsunan waje, ta kuma buɗe rance ga ɗaliban jami'a. Sai shekarun Lyndon Johnson, wanda shi kansa ya taɓa koyarwa a makarantar 'ya'yan talakawa a Tekzas. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana duk wanda ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambancin launin fata. Dokar ilimin firamare da sakandare ta Afrilu 1965 ta kawo kuɗi masu kauri ga makarantun da talakawa suka yi yawa. Haɗuwar waɗannan biyu ita ce ta ba Washinton abin matsa lamba a kan jihohin Kudu da ke raba makarantun farare da na baƙaƙe: ga kuɗi, amma da sharaɗi. A Nuwamban wannan shekara aka ƙara da dokar ilimi mai zurfi. A 1972 aka hana bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke cin kuɗin tarayya, aka kuma ƙirƙiro tallafin ɗalibai marasa galihu wanda daga 1980 ake kira da sunan Sanata Claiborne Pell. A 1974 aka yi dokar sirrin bayanan ɗalibai, a 1975 kuma dokar da ta wajabta ilimi kyauta ga yara masu naƙasa.

Kafin ƙarshen shekarun 1970, ofishin da ya fara da akawu uku yana rarraba biliyoyin daloli, amma yana nan a matsayin reshe cikin ma'aikatar da harkar lafiya da fansho suka cinye mata hankali. Babbar ƙungiyar malamai ta ƙasar, NEA, ta daɗe tana neman a ware ilimi. A 1976 ta mara wa Jimmy Carter baya, karo na farko ke nan da ta fito fili ta goyi bayan ɗan takarar shugaban ƙasa, shi kuma ya yi alkawarin kafa ma'aikatar. Cika alkawarin bai zo da sauƙi ba. Ɗaya ƙungiyar malaman, AFT, ƙarƙashin Albert Shanker, ta yi adawa. Joseph Califano, sakataren da Carter da kansa ya naɗa a ma'aikatar da za a raba, bai so ba. A Majalisar Dattawa ƙudurin ya wuce da rinjaye mai faɗi, amma a Majalisar Wakilai da ƙuri'a 210 da 206 ya tsallake, a zagayen ƙarshe kuma 215 da 201. Carter ya sa hannu ranar 17 ga Oktoba, 1979, ma'aikatar ta fara aiki ranar 4 ga Mayu, 1980. Sakatariya ta farko ita ce Shirley Hufstedler, alƙaliyar kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, ba malamar makaranta ba. Ragowar tsohuwar ma'aikatar ta koma Ma'aikatar Lafiya da Ayyukan Jin Ƙai.

Don a samu waɗancan 'yan ƙuri'u, sai da aka sadaukar da abubuwa da yawa, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar tambayarka. Sashe na 103 na dokar ya hana sakatare da jami'ansa yin iko da manhaja, tsarin koyarwa, gudanarwa ko ma'aikatan kowace makaranta, ya hana su zaɓa wa makarantu littattafai, ya kuma hana su juya hukumomin tantancewa, sai inda wata doka ta ba da dama. Shirye-shirye da dama da suka shafi ilimi ma ba a ba ta ba. Ciyar da ɗalibai yana Ma'aikatar Noma. Shirin renon yara 'yan ƙasa da shekarun firamare na iyalai matalauta yana Ma'aikatar Lafiya. Makarantun 'yan asalin ƙasar da tarayya ke gudanarwa suna Ma'aikatar Cikin Gida. Makarantun 'ya'yan sojoji a ƙasashen waje, dokar ta tsara a miƙa mata su, amma ba a taɓa yi ba, suna nan a hannun Ma'aikatar Tsaro.

Ke nan wanda ya saba da ƙasar da ma'aikatar ilimi ke rubuta manhaja, ta ɗauki malamai, ta shirya jarrabawar ƙasa, dole ya sauke wannan tunani. A Amurka jiha ce ke ba malami lasisi, ita ke tsara abin da ɗalibi zai sani kafin ya kammala sakandare. Gundumomin makarantu, waɗanda suka haura 13,000, su ke ɗaukar malamai da biyan albashi, akasari daga harajin gidaje da filaye da kuma kason jiha. Abin da tarayya ke bayarwa a kuɗin firamare da sakandare, a shekarun da ba na annobar korona ba, bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba.

To me take yi? Kusan duk aikinta ya tattara a wuri huɗu. Na farko rarraba tallafi ga jihohi. Mafi girma shi ne na makarantun talakawa, kimanin dala biliyan 18 a shekara a 'yan shekarun nan. Ana lissafa shi bisa ƙiyasin hukumar ƙidaya na yara matalauta 'yan shekara 5 zuwa 17 a kowace gunduma, kuɗin ya bi ta jiha zuwa gunduma zuwa makaranta. Makarantar da matalauta suka kai kashi 40 cikin 100 na ɗalibanta tana iya kashe shi a kan makarantar gaba ɗaya. Wadda ba ta kai ba, sai ta ware shi ga yaran da suka fi buƙata. Sharaɗin da ya fi jefa gundumomi cikin matsala shi ne kuɗin ƙari ne, ba madadi ba: idan gunduma ta janye nata kason daga makaranta saboda na tarayya ya shigo, ta saɓa doka. Sai tallafin yara masu naƙasa. A nan tarayya ce ta gaza, don dokar 1975 ta sa burin biyan har kashi 40 cikin 100 na matsakaicin kuɗin da ake kashe wa ɗalibi, amma ba a taɓa kaiwa ba, a yawancin shekaru ko rabinsa ba a kai ba. Wajibcin yana kan gundumomi, giɓin ma su ke cikewa.

Na biyu shi ne kuɗin ɗaliban jami'a, kuma ta wannan fuska ma'aikatar ta fi kama da banki. A 2025 bashin karatu na tarayya ya kai kimanin dala tiriliyan 1.6 a kan mutum wajen miliyan 43. Tun Yuli 2010 gwamnati ce ke ba da sabon rance kai tsaye, ba bankuna ba, amma karɓar biya da amsa kiran masu bashi an ba kamfanoni ne kwangila. Tallafin Pell, wanda ba a biya, iyakarsa dala 7,395 ce a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Duka ana neman su ta fom ɗaya, FAFSA, kuma cike shi kyauta ne. Na uku, ofishin kare haƙƙin ɗalibai, mai binciken ƙorafin wariya saboda launin fata, jinsi ko naƙasa. Na huɗu shi ne aikin da aka fara da shi a 1867, wato alƙaluma, ciki har da jarrabawar auna ƙwazon ɗaliban ƙasa da aka fara a 1969, wadda ake yi wa wasu ɗalibai da aka tsamo don su wakilci sauran kawai ba kuma a ba ɗalibi sakamakonsa.

Lokacin da ma'aikatar ta fi kusa da shiga aji shi ne bayan dokar da George W. Bush ya sa wa hannu ranar 8 ga Janairu, 2002. Ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa 8, da sau ɗaya a babbar sakandare, ta kuma ce nan da 2014 kowane ɗalibi ya kai matakin ƙwarewa. Aibin tsarin a fili yake: kowace jiha ita ke shirya jarrabawarta, ita ke yanke inda ƙwarewa ta fara. Jihar da ta ɗaga ma'auni sai makarantunta su fito a jerin masu gazawa, wadda ta sassauta kuma ta fito fes. Burin kashi 100 bai yiwu ba, gwamnatin Obama ta shiga ɗaga wa jihohi ƙafa, a Disamba 2015 kuma aka maye gurbin dokar da wata da ta bar jarrabawar amma ta mayar wa jihohi ikon hukunta makarantun da suka gaza.

Yunƙurin rushe ma'aikatar ba sabon abu ba ne. Ronald Reagan ya yi kamfe a 1980 da alkawarin rufe ta. Sakataren da ya naɗa, Terrel Bell, shi ne kuma ya kafa kwamitin da ya fitar da rahoton A Nation at Risk a Afrilu 1983, wanda ya ce ingancin makarantun ƙasar na zubewa. Rahoton ya mayar da ilimi maganar ƙasa baki ɗaya, maganar rufewa ta lafa. Ta sake tasowa da ƙarfi a 2025. A farkon shekarar ma'aikatan sun kai 4,100 da 'yan kai, mafi ƙaranci a duk ma'aikatun da ke majalisar ministoci. Ranar 11 ga Maris, ƙarƙashin Sakatariya Linda McMahon, aka sanar da rage su kusan rabi. Ranar 20 ga Maris Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin ɗaukar matakan rufe ta gwargwadon abin da doka ta yarda. Wata kotun tarayya ta dakatar da sallamar, Kotun Ƙoli kuma ta ba da damar a ci gaba a watan Yuli. A Nuwamba aka sanar da yarjejeniyoyin miƙa gudanar da wasu shirye-shirye ga wasu ma'aikatu, musamman ta Ƙwadago. Amma abin da doka ta kafa, doka ce kaɗai ke rushe shi. Umarnin shugaban ƙasa ba ya soke dokar 1979, sai Majalisa ta yi, kuma a Majalisar Dattawa irin wannan ƙuduri yana buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara a kansa.

Yanzu mu koma takardar da ke hannunka. Tantance jami'o'i da kwalejoji a Amurka aikin hukumomi ne masu zaman kansu. Abin da sakataren ilimi ke yi shi ne amincewa da waɗannan hukumomi, kuma makarantar da hukumar da aka amince da ita ta tantance ce kaɗai ɗalibanta ke iya samun tallafi da rancen tarayya. Sarƙar ke nan: ma'aikata ta amince da hukuma, hukuma ta tantance makaranta. Makarantar gaskiya tana faɗin sunan hukumar da ta tantance ta, ba ta buƙatar hatimin ma'aikata. Masu sayar da digirin bogi kuwa sun san mutane ba su san wannan sarƙa ba. Wasu su liƙa hatimin kai tsaye. Masu wayo daga cikinsu su ƙirƙiri hukumar tantancewa tasu, su ba ta suna mai kama da na gaske, su buɗe mata shafi a intanet, ta tantance su.

Abin yi, ka nemi cikakken sunan makarantar da adireshinta da sunan hukumar da ta ce ta tantance ta. Ka duba makarantar a rumbun bayanan ma'aikatar na makarantun da aka tantance, wanda ake kira DAPIP, da kuma jerin da majalisar CHEA mai zaman kanta ke ajiyewa. Ka kula da rubutun sunan harafi-harafi da garin da take, don 'yan damfara sukan ari sunan sananniyar jami'a su sauya kalma ɗaya. Daga nan ka je shafin hukumar tantancewar da kanka, ba ta mahaɗin da makarantar ta ba ka ba, ka ga ko ta lissafa makarantar kuma ko tantancewar tana nan da ranta, don akan dakatar da ita ko a janye. Lasisin jiha ma wani abu ne daban: izinin buɗe ƙofa ne, ba shaidar inganci ba. Idan karatun na sana'a ne kamar jinya ko injiniya, ka duba ko shirin kansa yana da tasa tantancewar. Sauran alamomin sanannu ne: digiri cikin 'yan makonni, digiri bisa gogewar rayuwa ba tare da jarrabawa ba, farashi dunƙule na digiri gaba ɗaya maimakon na kwas ko zango, da rangwame ga wanda ya biya yau.

Haka abin yake ga wasiƙun yafe bashin karatu. Tunda kamfanoni ne ke karɓar biya a madadin gwamnati, mai bashi ya saba ganin sunan kamfani a wasiƙa, 'yan damfara kuma ta nan suke shiga, da hatimin bishiya a saman takarda. Hukumar kare masu saye ta tarayya, FTC, tare da wasu jihohi, ta yi gagarumin samame a kan irin waɗannan kamfanoni a 2017. Duk abin da suke karɓar kuɗi a kansa, haɗe basussuka ne ko sauya tsarin biya ko neman yafiya, kyauta ake yin sa a studentaid.gov. Shafukan ma'aikatar da .gov suke ƙarewa, wanda hukumomin gwamnatin Amurka kaɗai ake ba, kuma jami'inta ba zai tambaye ka kalmar sirrin asusunka ba.

Ga ɗalibin da ke wajen Amurka akwai ƙarin abu biyu. Tallafin Pell da rancen tarayya na 'yan ƙasa ne da wasu rukunin mazauna kamar masu takardar zama ta dindindin. Mai bizar karatu ba ya ciki. Duk wanda ya ce Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta ba ka gurbin karatu kyauta, ka biya kuɗin sarrafa takardu, ƙarya yake yi. Cibiyoyin ba da shawara na EducationUSA da tallafin Fulbright na ɗaliban waje suna ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, izinin makaranta na ɗaukar ɗaliban waje da ba su fom ɗin I-20 na neman bizar karatu kuma daga Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida yake fitowa, wadda ita ma tana da jerin makarantun da ta amince da su.

Na biyu, idan ka riga ka sami digiri na gaske daga Amurka kana son a tabbatar da shi don amfani a wata ƙasa, takardar ba ta bi ta Ma'aikatar Ilimi. Magatakardan jami'ar ne ke sa hannu a gaban notari, wato mai izinin shaida sa hannu a takardu, sannan a kai ofishin da ke tabbatar da takardu a jihar da jami'ar take, wanda a yawancin jihohi ofishin sakataren jiha ne. Idan ƙasar da za a kai takardar tana cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 kan karɓar takardun ƙasashen juna, shaidar tabbatarwa ta jihar, wadda ake kira afostil, ta wadatar. Idan ba ta ciki, bayan jiha sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Washinton ta tabbatar, sannan ofishin jakadancin ƙasar ya sa nasa hatimin.